Kukan Kurciya ya hana ni barci: ina finafinanmu na gida suka maƙale?

Ɗan Galmi:
Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da saƙon tsakar dare, barci ne ya ƙi zuwa. Ɗan yayata da ke karatu a jami'ar Tawa ya zo mini da wani fim cikin kwamfutarsa, ya ce, "Kawu zauna ka gani, mutumin garinku ne ya yi shi." Kukan Kurciya, na Sani Elhaji Magori. Na zauna da niyyar in leƙa in tashi, ban motsa ba sai da ya ƙare.

Ga wanda bai gani ba, ba wasan kwaikwayo ba ne, mutanen gaske ne da rayuwarsu. Akwai wata zabiya, Husai, wadda a ƙuruciyarta waƙoƙinta ke zuga samari su tafi bida, wato ci-rani a ƙasashen waje, har zaman gida ya zama abin kunya ga namiji. Mutane suka bi waƙa suka nufi Abijan, da yawa ba su komo ba, har da mahaifin shi mai fim ɗin. Sai ya je ya sami tsohuwar ya roƙe ta, bakin da ya tura su shi ya kira su gida. Suka kama hanya tare har Kodebuwa. Ba zan faɗi yadda aka ƙare ba, don ina son ku gani da idonku.

Ni mahaifina ya tafi Abijan ina da shekara shida. Muryarsa a kaset na sani. In wani zai komo gida sai ya yi magana cikin kaset ya aiko, mu kewaye rediyo muna saurare, Inna na share hawaye da gefen zane. A can Allah ya karɓi ransa, a can aka rufe shi. To yau sai na ga labarin gidanmu a allo, da Hausarmu ta Adar, ba a gyara ta ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, fim ɗin nan ya haura shekara goma da fitowa. Na san sunan kusan kowane ɗan wasan Kano, na san wa ya auri wa. Amma ɗan garinmu ya yi wannan aiki, ban taɓa ji ba sai yau. A ina aka ɓoye shi?

Mai Shagon Caji:
Wa alaikumus salam Kawu. Allah ya jiƙan Baba, ya sa can ta fi nan.

Ni ne ya dace in amsa maka, don shekara takwas ke nan ina tura wa mutane fim a waya a bakin tasha. Abin da ake tambaya kullum: Indiya Hausa shi ne kan gaba, sai masu dogon zango na Kano, sai na Turkiyya da aka fassara, sai kokowa in lokacin takobi ya zo. Wallahi ban tuna ranar da wani ya miƙo mini memori ya ce in sa masa fim ɗin ɗan Nijar ba. Kuma ko an tambaya ba ni da shi. Wanda nake saye gare shi a Ƙonni ma ba shi da shi, don kayansa daga Sakkwato da Kano suke zuwa. Ba ƙiyayya ba ce, abin da ya iso kasuwa shi ake sayarwa.

Hajiya ta Garkawa:
Ɗana, Allah shi gafarta ma mahaihinka. Ni kaina ƙanena biyu bida ta ci su, ɗaya Abijan ɗaya Libiya.

Amma kada a ɗora ma ƴan Kano laihi. Tun da Alhaji yar rasu, ɗiya sunka watse gidajensu, wa ka zamna da ni bayan isha? Tele ce. Ina kallon Daɗin Kowa, kuma dalilin da yas sa nike son shi, gari ne na talakawa, akwai mai shayi, akwai malamin allo, akwai mata masu kishi kamar na cikin gidajenmu. Labarina ma na bi shi, aikin yana da tsabta. Abin da ka ɓata min rai guda ne, jan rai. Magana wadda za a gama cikin dare ɗaya sai a ja ta sati ukku. Satin da yaw wuce na kalli kashi guda cur, ba abin da yaf faru sai mutum biyu zaune bisa kujera suna maimaita abin da munka riga munka gani. Wanga ba ladabi ba ne ga mai kallo.

Ɗan Galmi:
Hajiya, ban zargi Kano ba ko kusa. Da su muka girma, tun zamanin kaset ɗin dandalin soyayya da ake haya. Kanmu nake tambaya.

Baba Malam:
Salamu alaikum. Na tashi asuba na tarar da wannan magana, kuma ta taɓa mini wani tsohon miki. Ku ba ni haƙuri, zan ɗan yi tsawo, tsohon malamin lakkwal ba ya iya gajarta darasi irin wannan.

Ƴaƴana, ku sani ƙasar nan tana cikin na farko-farko da suka riƙe kyamara a Afirka ta Yamma. Mustafa Alasan ya yi Aure tun 1962, shekara biyu kacal bayan samun mulkin kai. A 1966 ya yi wani ɗan gajeren fim na zane, Bon voyage Sim, inda shugaban ƙasar kwaɗi ya tafi ziyarar aiki. Da hannu ya zana shi, hoto bayan hoto. A shekarar kuma ya yi Le retour d'un aventurier, labarin saurayin da ya komo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka hana ƙauye sakat. Watan da ya wuce jikana ya nemo mini shi na sake kallo. Lokacin da muna samari dariya kawai muke yi. Yanzu da furfura sai na ga mutumin yana gargaɗi ne a kan abin da kallon baƙon abu ke yi wa yaro, tun babu wayar hannu.

Kuma wannan bawan Allah a nan Tawa ya yi ƙarshen zamansa. Yana da otel a garin nan, a ciki yake ci gaba da zanensa, har ya koma yi da kwamfuta. Ya rasu a Wagadugu a 2015. Samari nawa ne a fadojin garin nan suka taɓa ganin aikinsa ko guda?

Sai Umaru Ganda. Bikin finafinai na FESPACO a Wagadugu ya fara a 1969, amma sai a 1972 aka fara ba da babbar kyautar Dokin Yennenga, kuma mutum na farko da ya ɗauke ta ɗan Nijar ne, shi Ganda, da Le Wazzou polygame. Labarin wani Alhaji ne da ya ɗauki yarinyar da aka yi wa wani saurayi alkawari ya mai da ita mata ta uku, abin ya ƙare da jini. Da Zabarmanci aka yi shi. Zalika Sule ta fito a ciki, kuma ta iya fitowa a muguwar mace har mutane suka ɗauka halinta ne na gaske, suka riƙa yi mata kallon banza a titi. Ta rasu a 2021. Ganda kuwa tun 1 ga Janairun 1981 ya riga mu. Har yau FESPACO na ba da kyauta da sunansa ga wanda ya yi fice a fim ɗinsa na farko, ga kuma cibiyar al'adu ta Yamai da ke ɗauke da sunansa.

Ɗan Galmi, ga abin da zai ba ka mamaki. Shi kansa Ganda ɗan bida ne. Bayan ya komo daga yaƙin Indocin a sojan Faransa, aiki ya gagara a gida, ya tafi Abijan yana aikin ƙarfi. A can Jean Rouch, Bafaranshe mai shirya fim, ya same shi ya sa shi a Moi, un noir a 1958. Ka ga ke nan sinimar ƙasar nan da labarin bida ta buɗe ido.

Ɗan Fada:
Baba Malam, Allah ya ƙara girma. Amma a yi mana adalci. Mu da muka taso ba mu tarar da gidan sinima yana aiki a unguwarmu ba. A ina za mu gan su? Sannan yawancinsu da Faransanci ne ko Zabarmanci da rubutun Faransanci a ƙasa. A fadarmu mu goma sha ɗaya ne, huɗu ne suka wuce firamare. In aka sa Indiya Hausa kowa na fahimta, har mai dafa shayi ba ya rasa komai ko ya juya baya.

Ni abin da na kalla kwanan nan ya burge ni shi ne Mai Martaba, na Najeriya, na 2024. Labarin rikicin gadon sarauta. Kaya, dawaki, fada, duk an kashe kuɗi, kuma shi Najeriya ta tura gasar Oscar. Ba rawa da waƙa a gonar furanni. To in Hausa za ta iya kai wa can, me ya hana mu?

Baba Malam:
Gaskiyarka ɗana, laifin ba na yara ba ne. Kuma in ƙara maka, Najeriya ma ba da kaset ta fara ba, an yi Shaihu Umar tun 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Bambancin shi ne, daga 1990 ƴan Kano suka gano kaset ɗin bidiyo, suka yi fim da kuɗin aljihunsu, suka kai shi kasuwa inda mai kallo yake. Mu kuwa namu sun dogara da tallafi, da tallafin ya janye sai kyamara ta kwanta.

Ɗaliba a Yamai:
Ina kwananku iyayena da yayyena. Kada a ce kyamara ta kwanta gaba ɗaya, Baba. Mata sun ɗauke ta. Rahmatu Keita ta yi fim a kan rayuwar Zalika Sule, daga baya ta yi Zin'naariya a 2016, shi ne na farko da Nijar ta tura Oscar. Amina Weira ta yi fim a kan Arlit da ƙurar uraniyom, mahaifinta ma'aikacin ma'adinin ne. Sannan ga Aisha Macky.

Ni satin nan na kalli Zinder nata, na 2021, kuma da Hausa yake tun daga fari har ƙarshe, Yaya Ɗan Fada, ba ka buƙatar karanta komai. Ta shiga Kara-Kara, unguwar da a da aka ware wa kutare, ta zauna da samarin da ake kira ƴan pale. Masu ɗaga ƙarfe, masu fasa-ƙwaurin mai daga iyaka, wanda ya tuba ya koma kabu-kabu, matan da aka ci zarafinsu. Ba ta yi musu wa'azi ba, ba ta wanke su ba. Ta bar su sun yi magana. Akwai inda kyamara ke tsayawa a kan tabon wuƙa a jikin mutum, ta daɗe a wurin. Na kasa cin abinci daren nan.

Badamagare:
Ƙanwata, nan kam ba mu tare. Na kalle shi, kuma raina ya ɓaci. Ni ɗan Birni ne, kasuwanci ya kawo ni Tawa. Damagaram garin sarauta ne, garin malamai, shi ne babban birnin ƙasar nan kafin a mai da shi Yamai a 1926. A ɗauki sunan garin gaba ɗaya a liƙa wa fim ɗin ƴan daba, a kai Turai a nuna? Da ta kira shi Kara-Kara da ban ce uffan ba. Yanzu Bature da bai taɓa taka ƙasarmu ba, in ya ji Zinder sai ya tuna adda da ƙungiyar da ta sa wa kanta sunan Hitler. Ba a shanya tsumman gida a bakin hanya.

Ɗaliba a Yamai:
Yaya, ita ma ƴar Damagaram ce, a can aka haife ta. Ba baƙuwa ce ta zo ta leƙa ta tafi ba. Kuma Kara-Kara ba cikin Zinder take ba? Yaran nan ba ƴaƴan garin ba ne? Ina ganin da gangan ta sa sunan, don a daina yi kamar wata ƙasa ce daban.

Badamagare:
Ban ce ƙarya ta yi ba. Abin da ta nuna akwai shi, na san iyayen wasu irinsu. Tambayata, wa aka yi wa fim ɗin? In don mu gyara ne, mu ya kamata mu fara gani, a kowace unguwa, kafin baƙo. In baƙo ya riga mu gani, to shi aka ba labari, mu aka ba kunya.

Ɗan Galmi:
Alhaji, a nan maganarka ta haɗu da tawa, ko da yake ni ban ga aibun sunan ba. Abin da ke damunmu duka shi ne baƙo na riga mu gani.

Tanti ta Wadata:
Na daɗe ina karanta ku ban sa baki ba, amma da aka ambaci Aisha Macky dole in yi magana. Ba Zinder ba, wanda ta yi kafin shi, L'arbre sans fruit, wato itacen da ba ya ƴaƴa, na 2016. A kan rashin haihuwa ne, kuma da kanta ta fara. Matar aure ce da ba ta samu haihuwa ba, mahaifiyarta kuma wurin haihuwa ta rasu, sai ta yi fim ɗin kamar tana magana da uwar.

Shekarata goma sha ɗaya da aure ban taɓa ko ɓari ba. Na sha sassaƙe, na sha rubutu, na je likita har na gaji. A gidan suna in na ɗauki jariri sai in ga ana kallon hannuna. Kowa ni yake tambaya, ba wanda ya taɓa ce wa maigida ya je a duba shi. Fim ɗin nan ya faɗi wannan a fili, cewa mace ake ɗora wa laifi tun kafin a bincika. Wata ƙawata ce ta nuna mini a Yamai, na yi kuka har ta tsorata. Bayan na komo na nemi hanyar da maigida zai gani, muka kalla mu biyu, ba wanda ya ce komai. Bayan kwana uku shi da kansa ya ce mu je asibiti tare.

Alhaji Badamagare, shi ma wannan tsumman gida ne. Amma da ba ta shanya shi ba da har yau ni kaɗai nake ɗauke da nawa.

Hajiya ta Garkawa:
Ɗiyata, Allah shi ba ki masu albarka, shi sanyaya miki rai. Ciwon ɗiya mace na ɗiya mace ne. Ki zo gida mu gaisa in kin samu sarari.

Badamagare:
Tanti, Allah ya share miki hawaye. A kan wannan ba ni da ta cewa. A kan sunan garinmu dai ina nan a kan bakana.

Ba'are na Dutsi:
Tun da ana maganar wa aka yi wa fim, bari in kawo nawa ƙorafin. Na sake kallon Sarauniya na Med Hondo, na 1986, wanda ya ci Dokin Yennenga a 1987. Daga littafin Abdullahi Mamani aka ɗauko shi, marubucin ƙasar nan. Labarin Sarauniya Mangu ta Lugu ce, a ƙasarmu ta Arewa, wadda ta tsaya gaban rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899, rundunar da ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni. Fim ne mai girma, yaƙin ya yi kama da yaƙi, kuma bai ɓoye ta'asar da aka yi ba.

Amma a Burkina aka ɗauke shi, zamanin Sankara, kuma Sarauniyar ba Hausa take yi ba. Kakata ta zauna kusa da ni tana kallo, ta ce wannan wace ce? Na ce Sarauniyar Lugu. Ta ce to me ya sa ba ta jin abin da take faɗi? Ban ga laifin Med Hondo ba, ɗan Muritaniya ne, ya yi mana abin da ba mu yi wa kanmu ba. Amma har yau akwai mai riƙe da sarautar nan a Lugu, hanya ba ta ɓace ba. Kusan shekara arba'in ke nan ba a sake ɗaukar labarin da bakin masu shi ba.

Ɗan Fada:
To ga masu fassara nan birjik! In za a iya sa wa jarumin Indiya Hausa a baki har ya yi karin magana, me zai hana a sa wa Sarauniya tata Hausar?

Direban Kamiyo:
Salamu alaikum. Yanzu nit tsaya, ina ta saurare a hanya. Ni albasa nika ɗauka, shekara sha tara ke nan, daga Galmi da Madawa zuwa ƙasashen bakin ruwa.

Ɗan Galmi, shi wanga Sani yana da wani fim kahin Kukan Kurciya, a kan albasarku, na 2008. Wata yarinya ce shekara biyu tana jiran aure, uban yac ce sai an cire albasa. To sai ka zamna kana kallon gona kana lissahi tare da shi, ruwa, taki, farashi, kamar aurenka ne. Wanda bai san albasa ba yana ganin ganye ne. Mu mun san in farashi yaf faɗi aure ka faɗuwa, in buhu yar ruɓe a hanya bashi ka tashi. Mutumin ilimin noma yak karanta kahin shi kama kyamara, shi yas sa bai yi kuskure ko guda ba a sha'anin gona. A Abijan nig gane shi, wani ɗan garinmu yan nuna min. Ku ji fa, albasar Galmi, mutanen Galmi, amma sai da nit tahi Abijan.

Su kuwa tsohin da Husai tat tahi kira, ina ganin irinsu duk tahiya, a unguwannin Ajame da Abobo na Abijan. Wani ya shekara talatin. Ba daɗi ka riƙe su ba, kunya ce. Ya hita da alkawalin zai komo da arziki, ga hurhura ta zo, hannu wayam. In ka ce mai Baba mu tahi gida ga mota, sai shi ce baɗi in Allah ya so. Na taɓa ɗauko ɗaya kyauta, da munka wuce Ƙonni yaf fara kuka, bai bari ba har munka sauka.

Baba Malam, da kac ce sinimarmu da bida ta buɗe ido, sai nig ga ai su finafinan ma bida sunka tahi. Suna can ana tafa musu, gida ba a san kamanninsu ba.

Baba Malam:
Wallahi direba ka faɗi abin da na kasa faɗa. Kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa.

Mai Shagon Caji:
To ni ga tawa gudummawar. Kawu, ɗan yayarka ya kawo mini kwamfutar in kwafe su. Duk wanda ya zo tura Indiya sai in ƙara masa ɗaya kyauta, ko dala ba zan karɓa ba. Cikin wata guda sun zaga garin nan.

Ɗaliba a Yamai:
Yaya, niyyarka mai kyau ce amma a dakata. Irin wannan kwafar ce ta karya kasuwar faifai a Kano har masu fim suka koma YouTube da tashoshin tele. Fim irin Kukan Kurciya shekaru ake yi ana haɗa kuɗinsa, kuma sau da yawa da kamfanin waje ake haɗa hannu, haƙƙin ba na mutum ɗaya ba ne. Masu finafinan nan ƴan ƙasa ne, ana iya neman izininsu. Akwai cibiyar sinima ta ƙasa a nan Yamai, akwai kuma tsohuwar cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, wadda tun 2024 aka mai da ita da sunan Mustafa Alasan. In kun amince ranar Litinin bayan darasi zan je in tambayi yadda ake samun izinin nunawa a unguwa.

Mai Shagon Caji:
Na ji, ƙanwata, kuma na janye. Amma ki faɗa musu abin da na faɗa: in ba su sa shi inda talaka zai same shi da kuɗin da bai fi na shayi ba, wani zai kwafa ko ni ban kwafa ba.

Ɗan Fada:
In izini ya samu, fadarmu ta ɗauki tabarmi da kujeru. Akwai farin bango a gefen filin da muke zama. Majigi ne ba mu da shi.

Baba Malam:
Majigi zan nemo aro wurin wani tsohon ɗalibina. Amma a sa shi bayan isha, kuma a ware wa mata gefensu don su zo da yawa. A fara da kwaɗin Mustafa Alasan saboda yara, minti biyar ne kawai.

Hajiya ta Garkawa:
Gurup ɗin gidana yana nan in wuta ta ɗauke, mai kawai za ku zuba. Ni dai a sa na albasa, ina son in ga ko an ɗaura auren.

Badamagare:
Man na kaina. Kuma in an zo kan Zinder a sa shi, zan zo in zauna a gaba, in an gama a ba ni dama in faɗi nawa.

Ɗan Galmi:
Jama'a na gode, ban zaci maganar za ta kai nan ba. Yau da hantsi na tafi Galmi da kwamfutar, na ce Inna ta zauna ta gani. Da farko ta ƙi, ta ce ita ba ta kallon wasa. Da muryar Husai ta fito sai ta ajiye ƙwaryar da ke hannunta. Ta san waƙoƙin, tana bin su a hankali tun kafin zabiyar ta kai baitin. Ta ce a dandali suke jin su suna ƴan mata, su ma suna tafi suna zuga samarin, ba su san kansu suke yi wa ba.

Da aka iso Abijan, duk inda aka nuna taron maza sai ta ce in tsayar. Ta matso da fuskarta kusa da allo tana bin su ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Na ce Inna, lokacin da aka ɗauki wannan Baba ya riga ya rasu. Ta ce ta sani, masu kama da shi take dubawa, ko akwai wanda ya yi masa salla.

Ta ce kada in komo Tawa da kwamfutar sai bayan Juma'a, akwai mata huɗu a unguwar da za ta kira. Ɗaliba, in kin je ranar Litinin ki tambaya mana har da Galmi.